Gaisuwa a Tsakiyar Titi

A Rurum shanu ne kaɗai ke tsayar da mai babur, don haka ban taɓa ganin danja ba sai ranar da muka je dubiya Kano ni da surukata, ina goye da yarona.

Mai adaidaita sahu ya sauke mu a bakin wani ƙaton titi, ya ce kada mu tsallaka sai fitilar ta yi wa motoci ja. Na tsaya ina kallo. Na lura motoci ana ba su lokaci isasshe, masu ƙafa kuwa ko goyo ba ki gama gyarawa ba an saki motocin.

Ja ta kama, muka shiga. Muna tsakiya sai wani direba ɗan Kibiya ya leƙo. "Inna, ke ce a birni?" Inna, surukar tawa, ta ja ta tsaya tana gaishe shi: Ina gida, ya jikin tsohuwarka, an yi ruwa a wajenku?

Motoci suka fara gurnani. Ni da ko ido ba na haɗawa da ita, sai na cafki hannunta na ce, "Inna, taho!" Ban sake ta ba sai a gefen titi.

Ta gyara mayafi ta dube ni. "'Yar nan, ashe kina da murya? Wanda ya saita fitilar nan dai ba a koya masa gaisuwa ba."

Har yau, ko kwatar ƙofar gida za ta tsallaka, sai ta miƙo mini hannu ta ce, "Zo ki ja ni."