Ranar da Yaya Ya Cire Rigar Ruwa

Mu 'yan unguwar Jarwal ne, ni da Yayana. Tsakanin duwatsun Makka aka haife mu, ruwan da muka sani bai wuce na tanki da Zamzam ba. Amma tun muna yara ake faɗa a gidanmu cewa kakanmu masunci ne daga Yawuri, don haka ruwa ba ya cin jininmu. Yaya ya fi kowa riƙe maganar nan, har da bugun ƙirji.

Bara, da aka watse daga aikin Hajji, ya ajiye bas ɗin da yake ja a tashar Kudai, ya ce mu je bakin teku a Jidda mu sha iska. Ni sarkin rawar kai, ni na nuna masa kayak, wani siririn kwalekwale na roba mai cin mutum biyu, kowa da filafilinsa. Mai ba da hayar ya ɗaura mana rigunan ruwa masu hana nitsewa tamau, ya nuna wata jar ƙwallo da ke lilo can ciki, ya ce kada mu wuce ta.

Yaya a gaba, ni a baya. Da farko wallahi daɗi kamar me. Ruwan da ɗumi, ga shi garau, kana hango kifaye 'yan firit suna wasa a ƙasa. Muka wuce jar ƙwallon. Can sai na ga Yaya yana kwance rigarsa.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Zafi take mini. Jikan masunci da rigar yara? Halas, ya isa, tuƙa kawai."

Na ci gaba da tuƙi. Shi ya rene ni bayan rasuwar Baba, shekara arba'in da wani abu ban taɓa musa masa ba.

Wani jirgi mai inji ya gifta daga nesa, igiyar ruwansa ta buge mu ta gefe. Yaya ya yunƙura zai miƙe, kawai muka kife. Rigata ta ɗago ni. Na duba dama, na duba hagu, babu Yaya, sai hularsa.

Sai ga shi ya ɓullo, ya shaƙe mini wuya yana danna ni ƙasa. Idonsa a buɗe, amma bai gane ni ba. Na sha ruwan gishiri har sau uku, na ga dai mu biyu za mu tafi. Na tattara ƙarfina na zabga masa mari. Ni, na mari Yaya. Ya sake ni, na ɗora hannayensa a bayan kwalekwalen, na riƙe masa ƙugu har mai hayar ya iso.

A hanyar komawa ni na ja motar da muka zo da ita. Sai da muka hango duwatsun gida Yaya ya buɗe baki.

"Ashe hannunka da nauyi," ya ce. Hawaye suka ƙwace mini.

Washegari muka je gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin manya. Ta ga kumatun Yaya a kumbure, ta matsa, dole muka faɗa mata komai.

"Wa ya ce muku ruwa ba ya cin jininmu? Ubanku ne da son baki. Kakanku, 'ya'ya biyu kogi ya ɗauke masa rana ɗaya, yana tsaye a gaɓa. Shi ya sa ya tattaro mu ya taho garin da babu kogi. Har ya bar duniya bai ƙara cin kifi ba."

Yaya ya ajiye kofin shayin a hankali.

"Gwaggo, yaya sunansu?"

Ta faɗa. Na farkon, sunansa aka sa wa Yaya.