Tsagar Katako: Ga Baba Talle Kafinta

Ranar Talata, 11 ga Maris, 1958, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma bisa agogon makarantarmu, Allah ya yi wa Baba Talle kafinta rasuwa a rumfarsa da ke bayan kasuwar Zuru. Ya ajiye zarto, ya ce wa abokinsa Saja Na'Allah ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da bango. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na ji wasu na cewa bayan la'asar ne. Ban yarda ba, domin ba a kira salla ba sai da aka shigar da shi gida.

Baba, ni ce Asama'u 'yar maƙwabcinka, wadda ta gama makarantar horon malamai a Disamba, wadda kake kira Malama Tambaya.

Kowa a garin nan ya san hannunka. Idan motar Kontagora ta sauke kayan kanti, akwatunan sabulu da na kananzir da na ashana a bayan kanti ake jefar da su, mata su farfasa su hura wuta. Kai ka fara bi kana tarewa, kana musaya musu da itacen da ka saro da kanka. Kana zare ƙusa ba ka tsaga katako, ka miƙe ta a kan dutse da bugu uku. Ƙyauren masallacin unguwarmu naka ne. Na ƙirga kujerun tsugunno ashirin da biyu a gidajen tsofaffi, daga nan har Mahuta, waɗanda ka bayar kyauta, kuma na tabbata ƙirgar ba ta cika ba.

A watan Janairu jami'in ilmi ya shaida mana cewa ba za a buɗe ajin 'yan mata ba sai ya zo ranar 24 ga Maris ya ga benci goma sha huɗu da idonsa. In babu, sai baɗi. Yarinya arba'in da biyu ke nan, waɗanda na bi gida gida na roƙi iyayensu. Na zo na roƙe ka ka yi mana bencin, ina ƙirga maka kwanakin da suka rage. Ka yi dariya ka ce in daina ƙirga kwanaki a gabanka, kada zarton ya tsorata.

Da ka rasu ba a haɗa ko benci ɗaya ba. Ka yanke komai, ka goge, ka huda ramukan turaku da ƙarfe mai zafi, domin ka ce ƙusa tana yage zanen yara. Amma duk suna tare a tsibi guda a tsakar gidanka, guntu saba'in ba ɗaya. Bayan sadakar uku Saja ya ɗauki guduma, ni ina miƙa masa. Muka wuni, rami bai hau kan rami ba. Da ido ka huda su, ba da awo ba, don haka kowace ƙafa da nata saman. Saja ya matsa wa ɗaya ya ji ta fara ƙara, ya janye hannu ya ce ko a yaƙin Bama, inda kuka yi soja tare, ba ka taɓa yin abu yadda mutane ke yi ba, ga shi ka tafi ka bar masa jarrabawa da tsufansa. Ni kuwa na zauna na lissafa yawan gwajin da za mu yi in har sai mun gwada kowace ƙafa da kowane sama, na ga kwanakin ba za su isa ba.

Inna Rahmatu, matarka, tana ɗaki cikin takaba tana jin mu. Ta ɗaga murya daga bayan asabari:

"Ɗiyata, kun duba tsaga?"

Na ce wace tsaga, Inna.

"Shi dai cewa yakai kowane katako da tsagar gidansu a fuska, kamar mutum. 'Yan gida guda ba su faɗa. Ki juya su."

Na juya. A cikin kowane guntu, gefen da ba ka goge ba, akwai baƙin rubutun kamfani da zarto ya raba. Ba ka karatun boko, Baba, amma ka san kamannin haruffan nan kamar yadda kake gane mutumin Danko da na Ribah tun daga nesa. Kowane benci daga akwati ɗaya ka fitar da shi, domin katakon akwati ɗaya tare yake bushewa, tare yake motsi da damina.

Sai na durƙusa a ƙasa ina haɗa kalmomi. Rabin kalmar sabulu a wannan ƙafa, sauran rabin a can ƙarƙashin tsibi. Lamba shida da aka yanke ta tsakiya. Kibiya mai nuna sama, kanta a nan, wutsiyarta a can. Na miƙa wa Saja guntu biyar na bencin farko, ya jera, ya saka turaku, suka shige da bugu ɗaya ɗaya. Ya hau ya zauna da dukan nauyinsa, ya yi tsalle a kai, benci bai ce uffan ba. Na manta gidan makoki nake, na yi guɗa. Inna ma na ji dariyarta ta gauraye da kuka. Allah ya yafe mana, amma na san da kana nan kai za ka fi mu dariya. Cikin kwana biyu da rabi muka haɗa goma sha uku. Na sa yara uku uku suka zauna a kowanne, babu wanda ya girgiza.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya sa kowace yarinya da za ta zauna a kan aikinka ta zama haske gare ka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Rahmatu, da 'yarka Fadima da ke aure a Ribah, da Saja Na'Allah wanda ya rasa abokin shekara arba'in. Allah ya ba su haƙuri.

Yau 21 ga Maris. Ga abin da ban sani ba, kuma ba zan rubuta zato ba:

Shekarunka. Saja ya ce sittin da biyar, Inna ta ce ka fi haka.

Ko a soja ka koyi karanta tsaga, ko kai ka ƙirƙiro ta.

Inda ƙafa ɗaya ta benci na goma sha huɗu take. Akwatin kananzir ne, harafi biyu na ƙarshe ke jikinta. Wanda ya ɗauka don hura wuta, in bai riga ya hura ba, ya kawo makaranta, ba za a tambaye shi komai ba.

Ko jami'in ilmi zai karɓi goma sha uku ranar Litinin. Idan ya ce a cire yara uku, ban san sunan wa zan soke ba.