Lambar da ke Jikin Kular Tambaya

Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa a gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure ya ci ɗanwaken Tambaya, sai dai in azumi yake yi. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana zama a gindin dalbejiyar da ke bakin babban kanal, jar kula a gabanta, ga kwalbar mai, ga gwangwanin yaji. Ni Indo, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Sana'ata turara shinkafa, kuma hayaƙina a tsakar gidanta yake sauka, amma ba ta taɓa cewa uffan ba. Da ni ake yi wa haka, wallahi da tuni unguwa ta ji mu.

Ita kaɗai ce a gidan. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Hammadu, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "yaron nan", alhali gardi ne ya haura talatin. Shekara takwas ke nan da ya bi motar albasa zuwa kudu, daga can ya faɗa haƙar zinariya a dazukan da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Waya ba ta zama a hannunsa, yau an sace, gobe ta faɗa rami. Abu ɗaya ya riƙe, lambar uwarsa, a ka. Sai a yi wata huɗu, wata shida shiru, rannan sai ga kira daga baƙuwar lamba, ya ari wayar wani: "Inna, ni ne. Kina lafiya?" Minti biyu, shi ke nan. Da minti biyun nan Tambaya take lallaɓawa har wani kiran. Wayar tata 'yar ƙarama ce mai madannai, kullum a ƙulle a haɓar zani, ko wanka da ita take zagayawa.

Lambar kuwa, wani mai fenti ne ya rubuta mata ita manya-manya a jikin kula, don masu gona su riƙa kira su ce yau mutum ashirin gare su a aiki, ta ƙara kwaɓi.

Bara waccan, bayan yankan alkama, kakarta Gwamma ta rasu a wani ƙaramin ƙauye bayan Bunkure. Ita ta raini Tambaya. Bamagujiya ce, a kan al'adar iyayenta ta rayu har ta kusa shekara ɗari. Tambaya ta musulunta tun aurenta, amma jika ai jika ce. Ku da kuka tashi a birni bari in gaya muku: in tsoho ya cika kwanansa, jikoki ba zama suke yi suna ta sharɓar kuka ba. Da wasa suka zauna da shi, da wasa suke sallamarsa. Su sa tufafinsa, su kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa, mutane suna dariya suna share hawaye. Mu ma da muka gaji salla tun kakanni mun san wannan.

Ina wurin, ni na raka ta, ta kai wa 'yan zaman makoki abinci a kularta. Ta ɗaura tsohon zanen saƙin Gwamma, ta ɗauki sandarta, ta ranƙwafa tana korar kaji da muryar tsohuwar: "Wace marar kunya ce ta buɗe min tukunyar daddawa?" Na yi dariya har na riƙe ciki, sai da ta juyo na ga fuskarta sharkaf. Makaɗi ya taɓa ganga, ta taka sau uku ko huɗu, ta zauna.

Ashe wani baƙo cikin masu sayen tumatir ya tsaya a bakin danga yana ɗauka a waya. Har yau ba mu san shi ba. Ya yanki rabin minti ya ɗora a dandalin nan da ake kallon bidiyo, ya rubuta a kai: "Ku ga mai tiƙar rawa a kan gawar uwarta." Ko dangantakar bai sani ba, ɗan neman suna! Kular tana nan a bayanta, lamba raɗau.

A rana ta uku wayar ta fara ruri. Tambaya ta ɗauka masu ta'aziyya ne, kuma mai makoki ba ya ƙin amsa kowa. Tana ɗagawa sai ta ce, "Sannu, an gode, Allah ya ba da lada." Su kuma su zazzage mata: kafira, mayya, tsohuwar banza, Allah ya haɗa ki da wanda zai yi rawa a kan taki gawar. Maza da mata, har da masu muryar malamai. Da farko cewa take yi sun yi kuskuren lamba. Sai da ƙanwata Aziza, wadda take koyarwa a firamare, ta zo ta nuna mata bidiyon, sannan ta gane. Ta kalla sau ɗaya ta ce, "Ai sun yanke inda nake kuka."

Kowa ya ce ta canza layi. Ta ce, "In yaron nan ya kira fa?" Ba ta iya karanta lamba ba, ko da ta iya ma, nasa kiran kullum baƙo ne kamar nasu. Dole ta ɗauki kowanne, ta saurara har ta tabbata ba shi ba ne.

Aziza ta kai ƙara wurin masu dandalin, ta wayarta. Bayan kwana biyu amsa ta zo da Turanci, wai sun duba ba su ga abin da ya saɓa wa ƙa'idarsu ba. Ta ce mai yiwuwa babu mai jin Hausa a cikinsu, inji ne ya duba. Sai Muhammadu Sani, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa ta wajenmu, ya ce mu je wurin hukuma. Jami'in da muka samu ya ba mu kujera, ya saurara tsaf, sannan ya dubi Tambaya ya ce, "Mama, mutum nawa zan kama? Wani yana Legas, wani ma ba ya ƙasar. Ki karya sim ɗin kawai ki huta."

A hanyar dawowa, cikin a-daidaita-sahu, musu ya kaure. Muhammadu Sani ya ce gwamnati ta yi doka mai haƙori, duk wanda ya ci mutuncin wani a waya a ɗaure shi.

Aziza ta ce, "Ranar da aka miƙa musu bulalar nan, Baba, kai za a fara tsulawa. Ba kai ne ka hau waya kana faɗa an bar kanal ya toshe da ciyawa ba? Cewa za a yi zagi ne."

Ya ce, "To a zuba ido ke nan a kashe baiwar Allah?"

Ta ce, "Masu dandalin su ɗauki masu jin Hausa aiki mana. A gidansu ake yin abin."

Ya ce, "Wa zai tilasta su in ba gwamnatin ba?"

Suna cikin haka wayar ta yi ƙara. Tambaya, da ke matse a tsakiyarmu, ta kwance haɓar zani, ta kara a kunne, ta saurara. Duk muna jin abin da ake faɗa, don irin wayar nan ba ta da sirri. Ta ce, "To, na ji," ta mai da ta ƙulle.

Mutanen garinmu ba su ga laifinta ba, sun san al'adar. Amma 'yan ƙwadagon da ke zuwa daga nesa lokacin dashe suka fara nuna ta da baki, wasu har suna ɗaga waya. Ta kankare lambar da ke jikin kular da wuƙa, bayan aikin gama ya gama. Daga baya ta daina fita bakin kanal gaba ɗaya. Ina tsakar gidana ina juya shinkafa, sai in ji wayar ta ɗauki ruri, sai shiru, sai "To, na ji." Wuni guda ba na jin wata murya a gidan sai wannan. Ta rame, idonta ya faɗa. Tausayinta ya riƙa ci na, ni kuwa tausayi a wurina faɗa yake komawa.

Na shiga na same ta na ce, "Ke wace irin mace ce? Ana yankan namanki kina 'to na ji'? Ki rama mana! Ki ce Allah ya tsine maka albarka, kada ka ƙara kiran lambar nan." Ta ce bakinta bai saba ba. Na ce zai saba. Kullum sai na nanata mata, kamar mai biya wa yaro karatu.

Wata Talata da hantsi na kai mata tsaki don kajinta. Na tarar wani ɗan iska ya matsa mata, ya kira sau huɗu a jere, kowane kira da sabon ƙazamin abin da zai faɗa a kan Gwamma. Wayar ta sake ƙara. Na ce, "Shi ne. Kada ki bari ya buɗe baki. Ki ba shi nasa!"

Ta danna, ta ɗaga muryar da ban taɓa jin tana da ita ba: "Allah ya tsine maka albarka! Kada ka ƙara kirana har abada!"

Sai muka ji an ce, a hankali, "Inna?" Sai layin ya yanke.

Ban san lokacin da kwanon tsakin ya faɗi ba. Na fizge wayar na bi kiran. Wani mutum ya ɗauka, hayaniyar tasha a bayansa. Ya ce wani bawan Allah ne ya roƙe shi aro zai gai da mahaifiyarsa, ya miƙo masa wayar, ya haye wata babbar mota. Ina motar ta nufa? Bai sani ba. Na roƙe shi ya bi ta. Ya ce, "Hajiya, ai ta fita."

Kun san abin da bakin uwa yake nufi a wurinmu. Kalmomin nawa ne, ni na ɗora su a harshenta, kuma har yau ba ta ce Indo ke kika jawo ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Wata goma sha huɗu ke nan. Bidiyon yana nan ba wanda ya sauke shi, mutane ne dai suka gaji suka koma kan wani. Yanzu sai wayar ta yi sati ba ta yi ƙara ba. In kuwa ta yi, kafin mai kiran ya ce komai, Tambaya take cewa da sauri, "Na janye. Allah ya yi maka albarka." Masu kuskuren lamba sun samu, masu talla sun samu, har ragowar masu zagin sun samu. Shi ne dai bai kira ya karɓi tasa ba.