Sai Mai Asusun Ya Zo da Kansa

Gwaggo Tsaf ake ce mata, domin ba ta barin komai a karkace. Shekara ashirin da biyu tana guga a ɗakin wanki na wani asibiti, kuma ko zanin gadon da za a shimfiɗa wa wanda bai san inda kansa yake ba, sai ta fitar masa da kari. Abu ɗaya ne ya gagare ta daidaitawa: bashin gidan da suka ci a banki.

Mijinta direban tankar ruwa ne, mutum mai sanyin hali har ya yi yawa. Daga albashinsa banki ke cire nasa duk wata. Gwaggo ta haddace adadin tun ranar sa hannu, don haka da abin da yake kawowa gida ya fara raguwa a shekara ta uku, nan take ta gane. Ya nuna mata takarda cike da lambobi, ta ture. A lissafinta wani bashin ya ƙara ci a ɓoye.

"Baban yara, faɗa min gaskiya. Me ka yi da shi?"

"Wallahi ban ci komai ba. Su ne suka ƙara."

"Banki ba ya kuskure, kai dai ka san abin da ka shuka."

Shekara shida ana wannan. Har ƙararsa ta kai wurin yayansa, a gaban yara, ta kira shi maƙaryaci. Bai ɗaga murya ba, kuma haka ya rasu.

Wata goma sha huɗu bayan rasuwar, wasiƙa ta zo da sunansa. Babbar 'yarsu ta karanta mata a tsaye a bakin ƙofa: banki ya yi kuskure wajen lissafin kuɗin ruwa, ya riƙa cirewa fiye da yadda aka yi yarjejeniya, za a mayar da rarar. Gwaggo ta zauna a kan bokiti, kunya ta rufe ta. Tun daga ranar ba kuɗin ne a gabanta ba. So take ta wanke shi a gaban yayansa, inda ta ɓata shi.

Sai dai banki ba ya gaggawa idan shi zai biya. Zuwan farko, yarinyar da ke zaune a kantar bankin ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mama, sai mai asusun ya zo da kansa."

"Ya rasu, 'yata."

"Allah ya jiƙansa. To, ya sa hannu a fom ɗin nan, ki dawo da shi."

Gwaggo ta kalle ta har sai da yarinyar ta ji abin da bakinta ya faɗa. Zuwa na biyu ta kawo takardar shaidar mutuwa, aka ce kwafi ce. A na uku ta kawo ta ainihi, aka ce hatimin bai fito sosai ba. A na huɗu aka bayyana mata, cikin murmushi kuwa, cewa kuɗin asusunsa kaɗai za su shiga, asusun kuma an rufe shi saboda ya rasu. Kowane zuwa rabin yini ne na aiki, ta dawo ta tarar da zannuwa sun taru har sun tsere mata tsawo.

A na biyar ta wuce layi, ta zauna a ofishin manaja ba tare da an ce ta zauna ba. Cikin minti goma abin da ya gagara wata uku ya yiwu.

"Shi ke nan, Mama, jibi za ki ga kuɗinki."

"Saura takarda. Ka rubuta cewa bai ci wani bashi ba, ku ne kuka yi kuskure."

Ya miƙo mata wata bugaggiya mai cewa suna ba da haƙuri kan duk wani rashin jin daɗi.

"Rashin jin daɗi? Ɗana, ba takalmi ne ya matse ni ba. Ɗauki biro."

Ya rubuta, ya buga hatimi, ta duba ta tabbatar wannan karon ya fito.

Ranar hutunta ta tara yaran a falon yayan mijinta, ta sa babbar ta karanta da ƙarfi. Da aka gama, ba wanda ya yi mamaki. Yaran suka sunkuyar da kai. Dattijon ya naɗe takardar, ya mayar mata.

"Kin sha wahala, ƙanwata. Amma ai mu mun sani tuntuni. Ke kaɗai ce ba ki yarda da shi ba."