Baba Famfo da Yoyon Falonsa

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Famfo ya yi yana bin bututun ruwa a gidajen mutane, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa. Mutum ne mai kunne. Yakan kara sifana a jikin bango, ya ɗora kunne a kai, ya ce a fasa nan, kuma in an fasa, nan ɗin ne. Cika bakinsa ɗaya ne, ya maimaita shi har matarsa ta haddace: "Ranar da yoyo ya gagare ni, ranar zan ajiye sifana."

Autarsa mai aikin jinya ta daɗe tana jiran wannan rana. Idonsa na hagu ya fara yana, gwiwa kuma tana ƙara in ya hau tsani. Don ta samo masa abin da zai zaunar da shi a gida, sai ta kawo masa wata shuka a tukunya, mai faffaɗan ganye duk huji da tsaga kamar an bi shi da almakashi. Ta ce sunanta monsitera, haka halittarta take, ba tsutsa ce ta ci ba, a ajiye ta kusa da taga inda rana ba za ta dake ta ba. Ya ce sunan ya yi masa tsawo, shi Yagaggiya zai kira ta.

To, Baba ko albasa bai taɓa shukawa ba. Amma ruwa ai fanninsa ne, wa zai koya masa? Buta cike da safe, buta cike da yamma, ya zubar da wanda ya taru a farantin ƙarƙashi, ya goge ganyen da tsumma.

Ana haka, wata safiya matarsa ta taka ruwa a falo, saura ƙiris ta zame. Ɗigo biyar ne ko shida a kan tayil, taku guda daga tukunyar. Ya duba faranti, bai tumbatsa ba. Ya hau silin da tocila, babu ko danshi. Ya kara sifana a bango huɗu, shiru. Ya rufe babban famfon gidan kwana guda cur, suka wuni suna ɗiba a bokiti, da gari ya waye ga ɗigon nan a wurinsa.

"Malam, yau kwana tara," in ji matarsa. "Ni dai ban ce komai ba."

Ai kuwa ta gama cewa komai, don har ta tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado. Tsoro ya kama Baba, tsoro na gaske. Shi ya faɗa da bakinsa a gaban iyalinsa, kuma shi ba mutum ba ne mai lashe amansa.

Rana ta goma, da ya dawo daga sallar asuba, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a falon, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna. Haka maigidansa ya koya masa tun yana koyon aiki: in kunne ya kasa, a zauna a jira. Haske na shigowa ta taga, sai ya ji tas a kan takarda. Ya bi da ido sama a hankali, bai kai silin ba ya tsaya. A tsinin babban ganyen, wani ɗigo ne ke kumbura, garau, yana rawa. Ya duba sauran ganyen, kowane da nasa a rataye. Ya tara hannu, ɗigon ya faɗo masa a tafi.

Ya ƙura wa ɗigon ido. Shi ya san wahalar kai ruwa sama: inji, tanki, gam, gwiwar bututu, zagin masu gida. Ga abu a falonsa yana ɗaga ruwa daga ƙasa har tsayin ƙirjinsa, ba inji, ba wuta, ba ƙara, ba mahaɗa ko ɗaya.

"Zo ki ga aiki," ya ce wa matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

Ta zo ta duba, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. To, a ɗauko sifana?"

"Wannan ba gyarana ba ne. Amma ciro min akwatina, na gano shi."

Da ya buga wa auta waya, dariya ta yi har da tari. "Baba, ruwan ne ya yi mata yawa take fitarwa. Ka riƙa tura yatsa cikin ƙasar, sai ka ji gaɓa biyu a bushe sannan ka ba ta. In ba haka ba saiwar za ta ruɓe." Ashe yoyon daga butarsa yake.

Yanzu kullum kafin ya saɓa akwati ya fita, sai ya tura yatsa a tukunya. Yagaggiya ta yi sabon ganye biyu, tayil ya bushe. Sai dai matarsa ta lura, duk ranar da lokacin ban ruwa ya yi, Baba yakan jinkirta sai yamma. Washegari da asuba kuma za ta tarar da shi a kan 'yar kujerar nan, mutumin da ya yi shekara arba'in yana toshe ɗigo, ya tara hannu yana jiran ɗaya ya faɗo.