Reshen da Akuya ta Karya

A gidanmu na Wurno, in an gama girbi sanyi ya sauko, Kaka Yalwa kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Ta taɓa zuwa Makka a ƙasa tare da kakanmu, shi ya sa tatsuniyoyinta ke cike da abubuwan da ba mu taɓa gani ba.

Shekarar da hakimi ya sa sunana cikin yaran da za a kai makarantar 'yan mata ta Sakkwato, Inna ta ce ba za ni ba. Har ta shirya ɓoye ni wurin danginta a Goronyo. Ni kuwa ina so, ina kuma tsoro.

Ran nan Inna na gefe tana ɓarar wake, ta ba mu baya. Kaka ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri."

Wai a kan wani dutse mai tsawo, inda gajimare ke shiga ɗaki da safe, akwai wata mata mai itacen inabi. Na tambaya mene ne inabi. Kaka ta ce, "Ke ɓarauniya, zabibin da kika sace min, shi na in ya bushe."

Mutanen dutsen sukan yanke rassa duk shekara su ba maƙwabta su dasa. Ita ta hana a taɓa nata, don tausayi. Rannan akuya ta karya reshe guda, ya gangara kwari, wata tsohuwa ta tsinta ta dasa. Matar ta sha kuka. Can wata shekara sai ɗari mai tsanani ya sauko ya kashe itacen har saiwa. Tana zaune cikin baƙin ciki sai ga tsohuwar da kwando cike da inabi, ta ce ga 'ya'yan reshenki.

"Da bai tahi ba," in ji Kaka, "mi za a kawo mata?"

Sautin ɓarar wake ya tsaya. Da safe na tarar Inna na wanke zannuwana, idonta jajir.

Kaka ta rasu ban gama makaranta ba. Sai da na fara koyarwa, ina ba yarana tatsuniyoyinta, na tuna cewa duk tsawon labarin nan ba mu take kallo ba, bayan Inna take kallo. Har yau in na sauka Wurno, Inna kan tarye ni a zaure ta ce, "Reshen akuya, ina kwandona?"