Iskar da Allura Ba Ta Gani Ba

Kunnen Zomo ake kiran makanikin da garejinsa ke jingine da rumfata ta faci, don tun mota na bakin ƙofa yake faɗin ciwonta. In ya ce bawul ne, a buɗe, bawul ɗin ne. Ni Yaya nake ce masa, ko da yake abin da ya haɗa mu bai wuce inuwa ɗaya da rigimar wa ya ɗauki sifanar wa ba.

Bayan rasuwar matarsa abin ya soma. Ciwon ƙirji ne ya daɗe yana cin ta, shi ya yi jinyarta har ƙarshe, kunnensa na kan numfashinta. Da ya dawo aiki sai ya riƙa jin iska na zurarewa a kowane inji, siririya, ba ta yankewa. Ya farke injin wata motar haya, ya baje fistin da ringi a kan buhu, bai ga komai ba. Direban ya wanke shi tas a gaban jama'a, har sai da na ɗauko ƙarfen taya aka rirriƙe ni. Daga nan masu mota suka fara ɗauke ƙafa.

Wata safiya ya ce in raka shi shagon kayan aiki, zai sayi na'urar gwada zurarewar iska. Mutumin da a da yake cewa geji na kurame ne. Na rufe rumfata na bi shi.

Mai shago ya fito da mai geji ɗaya yana ta kuranta ta, Yaya ko taɓa ta bai yi ba. Mai geji biyu ya ɗauka: ɗaya na nuna iskar da aka tura cikin inji, ɗayan abin da injin ya iya riƙewa. Ya zaro tsohon filogi daga aljihu ya gwada zaren ɗaurinsa da na bakin mesar na'urar, ya ƙwanƙwasa gilasan ya ga alluran sun zauna daidai. Ya ce a wannan shari'ar shaida ɗaya ba zai ishe shi ba.

Akwai wata mota a gareji da ya rantse tana zubar da iska. Ya cire filogi, ya ɗaura mesa a ramin, ya juya inji har fistin ya kai sama, ni kuma na ba shi iska daga kwamfaresata. Alluran suka tashi suka tsaya kusan kafaɗa da kafaɗa. Ya bi sauran ramukan, duk kanwar ja ce. Ya kai kunne bakin salansa, ya leƙa lagireto ko zai ga kumfa, babu. Injin lafiyarsa lau.

Ya ce in kashe kwamfaresa. Na kashe, ya zare mesa, iskar ta huce, wuri ya yi tsit. Tsoro ya kama ni, ban san dalili ba.

"Kai ma kana ji?"

"Yaya, ba na jin komai."

Ya daɗe a durƙushe yana naɗe mesar. Na dake na ce masa ai abin ya zo da sauƙi, tunda ba a mota yake ba, likitan kunne zai iya cire masa, kwastomominsa su dawo. Na ce gobe ni zan kai shi da kaina.

Ya rufe akwatin na'urar a hankali, bai dube ni ba.

"In sun cire, me ya rage min nata?"